Jan Layin da Kaina Bai Kai Ba

'Yan'uwana mata, salama a gare ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Sunana Rifkatu, matar Ishaya mai buɗe ruwan kanal a Kadawa. Kun dai gan ni, ko benci na hau da kyar na baya za su hango ni. Tun ina yarinya ake ce mini Guntuwa, ni ma in yi ta dariya. Bara dariyar ta ƙare.

Da na sami cikin fari na je awo. A bangon asibitin akwai wani jan layi, kowace mai ciki sai ta tuɓe takalmi ta tsaya a jikinsa. Na tsaya, har da ɗan ɗaga dunduniya, kaina bai kai ba. Malamar asibiti ta ce, "Baiwar Allah, mace mai tsawonki sau da yawa ƙugunta ƙarami ne. Kada ki kuskura ki haihu a gida. Da kin ji ciwo ki tafi babban asibiti a Kano, wataƙila sai an yi miki aiki."

Aiki! Yayata Saratu, tsawonmu ɗaya, a kan gwiwa ta rasu da ɗan a cikinta. Duk da haka wuƙar likita na fi tsoro. Ban gaya wa kowa ba, ko Ishaya.

Naƙuda ta zo ana tsakiyar ɗibar tumatir. Na danne, don a wurinmu mai haihuwar fari ba ta kuka, abin kunya ne. Inna, uwar mijina, ita ta gane ta kira ungozoma. Rana ta faɗi ta sake fitowa, ɗa bai sauko ba. Ƙafafuna suka mutu. Sai na ji ungozoma tana cewa, "Ciwon gishiri ne ya tare hanya. A miƙo aska in yanka."

Haka aka yi wa Saratu! Na ga askar da idona.

Na ce, "Yesu, kai ka yi ni gajera, ka san ƙugun da ka ba ni. Kada ka bar ni in bi Saratu!" Nan take jan layin nan ya faɗo mini a rai, kunya ta gudu. Na ƙwala ihu, "Ishaya! An ce ba zan iya haihuwa a gida ba! A kai ni Kano!"

Inna ta ce, "Ke 'yar nan, rufa mana asiri mana." Ishaya bai saurara ba, ya ruga wurin maƙwabcinmu Malam Habu, wanda ya riga ya loda kwandunan tumatir a akori-kurarsa zai tafi kasuwa. Malam Habu ya zube kwandunan a rana ya ce, "Tumatir ya ruɓe. Ɗauko ta."

A asibiti likita ya ce kan ɗan ya maƙale, da an ƙara jinkiri da mahaifar ta fashe. Aka yi aikin da nake gudu. Da na farka ban ji kukan jariri ba. Can sai aka ɗora mini jaririyata a ƙirji, da ɗuminta. Haleluya!

Na gode wa Ubangiji. Gajeru 'yan'uwana, ku dogara gare shi, ku je awo ku tsaya a layin nan, abin da aka ce muku kuma ku faɗa wa mazanku da wuri.

Ga ta nan a bayana tana barci. Sunanta Saratu.