Ƙanzo da Sabbin Haƙora

A ɗan gidan abincin unguwarmu a birnin Shiraz na ƙasar Iran, aka kawo wa tsoho Aga Hushang ƙanzon shinkafa na ƙarshe, ya sha za'afaran. Teburinsu ɗaya da wani saurayin da bai sani ba.

"Bismilla, ɗana."

"A ci lafiya, Baba."

"Ɗauki mana!"

"Na gode, na ƙoshi. Baba, sai murmushi kake. Biki ake?"

"Babba ma! Dubi bakina, yau likita ya sa min haƙora. Rabona da ƙanzo tun kana goye!"

Saurayin ya haɗiye yawu, ya gyara cokali.

"To Baba, saura tayi na uku, wanda a al'adarmu shi ake karɓa."

Tsoho ya jawo farantin ƙirjinsa.

"Yaran zamani! Biyun ma da ƙyar suka fito."

Ya gartsa, ƙurmus!