A Bar Dakta Rebeka Ta Ɗebi Jinin Dawakinmu

Shugaban wannan taro, iyayenmu ardo-ardo, likitocin dabbobi, 'yan'uwana masu kiwon dawaki da kuka taso daga Sunkani da Mutum Biyu, da jama'ar Jalingo baki ɗaya, assalamu alaikum. Ni ne Goni na unguwar Barade, kuma ina godiya da aka ba tsoho dama ya yi magana.

Da farko, kun san abin da ya tara mu. Duk damina cutar dawakin nan tana shigowa, doki ya kumbura kai, ya yi ta haki, kafin a haɗa jiƙo ya faɗi. Bara turkena cike yake, bana goɗiya ɗaya ta rage mini, ita ma da ciki. Ga hadari ya fara haɗowa.

Na biyu, Dakta Rebeka, mai binciken cutar nan, ta zo neman jinin dawakinmu, mu kuwa muka ɓoye su a bayan gida kamar mai karɓar jangali ne ya iso, domin an ce maganin ciwon daji za ta ɗura musu. Na je na tambaye ta. Ta ce, "Baba, maganin ba zai taɓa doki ba. A cikin kwalba zan haɗa shi da jinin. Yana hana ƙwayoyin jini hayayyafa, in suka tsaya cik sai mu ga inda cutar take maƙalewa." Ta kuma ce in ba ta samu jini ba, gobe za ta koma, binciken ya mutu.

Na uku, ni na san maganin nan. Shi aka yi ta sa wa Adda Hajaratu, yayata da ta goya ni, har gashinta ya zube. Bai tashe ta ba, kuma har yau zuciyata tana ciwo. Wata rana a asibiti ta kalli ruwan yana ɗiga ta ce, "Goni, abu mai ɗaci haka, ko bai yi mini amfani ba, zai yi wa wani."

Jama'a, in na rufe ido ina ganin bakin kogin Lamurde da yamma. Ina ganin ciyawa har gwiwa, ina ganin duwatsu sun yi shuɗi, ina ganin 'yan dukushi suna tsalle cikin yayyafi, babu mai tari, babu mai haki, babu mai haƙa rami. Wataƙila ba zan kai lokacin ba, amma ina so wani ya kai.

Don haka ban zo ni kaɗai ba. Goɗiyar tana ɗaure a gindin mangwaron ƙofar nan. Dakta, 'yata, ɗauko allurarki ki fara da ita, a gaban kowa. Sai dai ki yi a hankali, ba ni da wata.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dabbobinmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.