Doguwar Igiya a Tashar Ƙanƙara

A tashar Ƙanƙara, Malam Ɗanliti ya ɗaure akuyarsa da doguwar igiya a ƙafar benci, ya ƙura ido ga bokitin dashen dawa da wata ɗaliba, Hafiza, ta ajiye a bayanta.

"Ɗiyata, dawa kuma har da shiga mota?"

"Ɗakin bincike zan kai ta, Baba. Ita kaɗai ta jure fari a gonakin Yargoje. Ƙwayoyin gadonta za mu duba."

"Da mi?"

"Da ɗan gilashi mai ƙananan zaruruwa. Kowane zare yana kama ƙwayar gadon da ta dace da shi. Malamina ya ce mu koma dogayen zaruruwa, sun fi riƙo, ko abu kaɗan ne sai sun nuna shi."

"Malaminki ya yi hankali! Ni ma da damina kowa na taƙaita igiyar akuya, ni ko sai in ƙara wa tawa. Dabba ta sake, ta yi ƙiba."

"Amma dogon zare yakan kama har abin da ba nasa ba."

"Sharri ne! Haka maƙwabta ke cewa a kan akuyata, har gaban mai unguwa. Shi ya sa zan kai ta Faskari, inda ba a san ta ba."

Hafiza ta ji ƙarar tauna, ta waiwaya, ta dafe kai.

"Baba! Dawata!"

Malam Ɗanliti ya leƙa bokitin, ba ko ganye ɗaya.

"To, ɗiyata, ko za a ɗora akuyar a gilashin?"