Sunan Dubek a Bakin Lauyoyi

A bencin da ke ƙofar kotun tarayya ta Toledo, wani dattijo ya matsa wa wata mata ta zauna.

"Ƙara kika kawo, baiwar Allah?"

"Kan inshorar lafiyar mijina. Kamfanin gilashi ya yanke ta bayan ya yi ritaya, ga shi ana masa wankin ƙoda."

"Kamfaninmu ke nan. Ni na fara maka su a kotu. Harlan Dubek. Duk lauyan da ke ginin nan ya san sunana." Ya gyara zaman hularsa. "Nakan zo in ji ana ambatona."

"Kai ne Dubek ɗin? Tun safe lauyansu yake jifana da sunanka. Wai a shari'arka an ce kotun nan ba ta da hurumi, don haka ni ma in kama gabana."

"Ai ban faɗi a shari'ar ba. Alƙali bai ce ba ni da gaskiya ba, cewa ya yi ba ƙofarsa ba ce."

"To, ka je ɗaya ƙofar?"

Dattijon ya girgiza kai. "Kafin nan matata ta rasu. Dama don ita na yi."

"Allah ya jiƙanta. Amma lauyata ta ce hukuncin kai ya ɗaure, ni ba na cikin shari'arka. Yau sai an saurare ni."

Aka kira sunanta, ta miƙe.

"Taso mu shiga, Mista Dubek, ka zauna a gaba. Sun daɗe suna cin moriyar sunanka, yau su kalli fuskarka."