Bas Mai Tari

A tashar motocin jami'a, wata dattijuwa da ta zo ganin jikarta ta zauna kusa da wani ɗalibi. Ta daɗe tana duba hanya, ba ta ga abin da ta sani ba.

"Ɗan nan, ina tsohuwar bas ɗin nan mai tari?"

"An daina amfani da ita, Mama, hayaƙinta ya yi yawa. Yanzu masu lantarki ne, da hasken rana ake cajinsu."

"Mota ba ƙara ba wari? Wa zai san ta iso?"

"Ai gara haka. An ce waccan in ka shige ta da farar riga, sai wanki."

"Ba ka yi ƙarya ba. Lokacin da nake karatu a nan, kullum a hawan laburare take mutuwa, maza su sauka su tura. Akwai wani siriri, ba ya tura komai, sai kallona ta taga. Rannan ta tashi ta turnuƙe shi da hayaƙi, na miƙa masa hankicina."

"Ya mayar miki?"

"Ina fa. Bara na tsince shi a akwatinsa, da muke raba wa 'ya'yanmu kayansa."

Sabuwar motar ta iso shiru. Sai da ɗalibin ya ɗaukar mata jaka sannan ta lura.