Sun Ɗauki Waƙar Babana, Sun Ce In Yi Shiru

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Sunana Hadiza, daga Abakpa nake rubuto maka, kuma a tsorace nake.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, sha'iri ne da aka sani a siyasar da. An sha ɗaure shi saboda waƙoƙin da ya rubuta yana kare talakawa. Kwanan baya na ji motar kamfen ta wuce layinmu da waƙarsa, an cire sunan talaka an sa na wani ɗan takara. Raina ya ɓaci, na fito na ce wa masu motar Baba bai taɓa yi wa mai mulki kirari ba. Ashe wani ya ɗauke ni a waya ya watsa.

Ranar Juma'a bayan la'asar wasu maza biyu suka yi sallama a gidanmu ina wurin aiki. Suka durƙusa suka gaida mahaifiyata, sannan ɗaya ya ce, "Hajiya, ki ja wa 'yarki kunne. Mun san makarantar da yaranta suke a Unguwar Rimi."

Tun ranar ban bar yaran sun fita ba. Ko keke ya tsaya a ƙofa sai in leƙa in ga ko waye. Mama tana kuka tana cewa, "Na yi zaman jiran ubanki a ƙofar kurkuku, ba zan iya naki ba."

Jama'a, ku ba ni shawara. In kai ƙara, ko in bar musu waƙar in tsira da 'ya'yana?