Rayuwa a Nan da Araha

A tashar motar Gella da ke Mubi, bayan mutane sun dawo daga gudun hijira, wani dattijo ya dubi rikodar da ke hannun wani matashi.

"Kai ma cikin masu tambayar yadda muka gudu kake?"

"E, Baba. Digirin dakta nake yi, wata jami'ar Turai ce ta ɗauki nauyin binciken."

"Ashe kana cin kuɗin Turawa."

"Wane kuɗi? Tare aka ɗauke mu da wani Bature. Yana can otal a Abuja, wai Mubi akwai haɗari. Ni ke shiga ƙauyuka, ni ke fassara, amma albashina bai kai rabin nasa ba. Da na yi magana, sai suka ce rayuwa a nan da araha."

"Da araha kam. A bara na ba irinku labarin yadda na binne ɗana a hanyar Kamaru. Ruwan leda suka miƙa mini."

"Ai Baba, ba a biyan mai ba da labari. Ƙa'idar bincike ce."

"To, naka ma ƙa'idarsu ce. Sai ka yi haƙuri."